Ranar da Aka Ƙara wa Kiragu Girma

Shekara arba'in da biyar Kiragu wa Thuita ya kwashe yana raka manyan mutane kogin Gathiru su kama kifin da ba za su ci ba. Haka dokar kulob ɗin masu fatsa take. Mutum ya taso tun daga Nairobi, ya ƙona man tafiyar awa uku, ya zura takalmin roba har ƙugu, ya yini cikin ruwan da sanyinsa ke ratsa ƙashi. In ya yi sa'a ya kama, sai ya ɗaga kifin a ɗauke su hoto, sannan ya mayar da shi ruwa cikin ladabi, kamar wanda ya rako surukinsa bakin mota. Waithira, matar Kiragu, ta ce tun tana amarya take neman wanda zai bayyana mata hikimar wannan wahala, ga shi har ta yi jikoki ba ta samu ba.

Shi Kiragu bai taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Son kogin nan yake yi, so na haƙiƙa, irin wanda namiji ba ya faɗa wa matarsa don kada ta samu abin tsokana. Yana da shekara goma sha tara ya fara aikin, yana riƙe wa wani Bature mai suna Harcourt jaka. Lokacin da aka samu 'yanci 'yan'uwan Harcourt suka tattara suka koma gida, shi Harcourt ya ce ba inda za shi ya bar kifayensa. Kifayen nasa su ne tirawut, masu ɗigo-ɗigon nan da magabatansa suka zuba a kogunan dutse ba tare da sun tambayi kowa ba. Wata rana ya datse ƙofar mota a kan sandar fatsarsa, kanta ya karye kusan taki guda. Ya zagi motar, ya zagi gwamnati, sannan ya miƙa wa Kiragu abin da ya rage ya ce kyauta ce. Har ya mutu yana ba da labarin wannan karamci nasa. Zare kuwa, a kwandon sharar kulob Kiragu ya tsinto wani mai kauri da wani baƙo ya yar.

To, a irin wannan fatsa ba tana, ba dalma. Abin da ake yaudarar kifi da shi ƙudan ƙarya ne, ɗan gashin kaza ɗaure a jikin ƙugiya, wanda ko ka wurga shi da duk ƙarfinka ba zai wuce yatsan ƙafarka ba. Nauyin yana jikin zaren. Zare ke tanƙwara sanda, sanda ta cilla zare, zare ya ja ƙuda. Shi ya sa kowace sanda da lambarta, kowane zare da tasa, kuma wai dole lambobin su zo ɗaya, huɗu da huɗu, biyar da biyar. 'Yan kulob suna iya cinye yini guda a baranda suna gardama a kan wannan har a tashi baram-baram. Sandar Kiragu lamba huɗu ce, zarensa lamba bakwai. Bai san haka ba sai bayan shekaru, lokacin kuma hannu ya riga ya saba, duk lokacin da zaren ya tsufa mai kaurin yake sake nema.

Gathiru ba kogin nuna bajinta ba ne. Ƙarami ne matsattse, gora da ƙaya sun rufe gaɓarsa hagu da dama, rassa sun yi masa rumfa. Baƙi sukan zo da jifan da suka karanta a littafi: a cilla zare baya ya miƙe a iska, sannan a cillo shi gaba. A Gathiru abin da ke bayanka ƙaya ce, kuma ba ta mayar da abin da aka ba ta. Rabin ƙuruciyar Kiragu a kan bishiya ya ƙare ta, yana ciro ƙudajen manya. Saboda haka shi bai taɓa jefa zare baya ba. Barinsa yake yi kwance a kan ruwa, ya jawo shi a hankali har sanda ta zo saitin kunnensa, ya ɗan dakata, sannan ya sara gaba. Ruwa ya riƙe zaren, sanda ta tanƙwaru, zare ya warware kamar ana shimfiɗa tabarma, ƙuda ya sauka a gindin saiwa inda kifi ke laɓe. Guntuwar sandar nan ta yi tauri tun da ta rasa kanta, ɗan gajeren zare ba ya tanƙwara ta sai mai nauyi. Ashe karyayyen abu da tsintaccen abu ne suka dace da juna, ba wanda ya shirya.

Idan baƙo ya yini bai kama komai ba, fuska ta fara haɗewa, sai Kiragu ya ce, “Bwana, ranka ya daɗe, ɗan huta, bari in ga ko suna gida.” Jifa ɗaya, ya miƙa wa baƙo sandar da kifi a ƙarshenta. Wajen hoto kuwa sai a ɓoye guntuwar a bayan dutse a ɗauko mai tsadar. Hotunan da suka cika bangon kulob fiye da rabinsu aikinsa ne, in ka lura da kyau a wasu za ka hango gwiwar hannunsa a gefe.

A haka ake tafiya har aka zaɓi Daktari Gacheru shugaban kulob. Likitan haƙori ne, mutumin kirki, irin mutanen kirkin nan da in suka tashi taimakonka gara ka nemi wurin ɓuya. Ya je hutun sati biyu ƙasar waje, ya dawo da hula mai gashin tsuntsu da kuma ra'ayi. Ya tara masu raka baƙi su bakwai a filin ciyawar da ke gaban kulob ya ce zamani ya canza. Daga yanzu ba mai sauka kogi da baƙo sai mai takardar shaidar iya jifa. Nan da sati huɗu za a yi jarrabawa, a nan kan ciyawar. Wanda ya ci ya ci gaba da aikinsa, wanda ya faɗi kulob zai gode masa. Kowa ya san ma'anar godiyar kulob: kogin a hannunsu yake, ranar da suka gode maka ba kai ba ruwan nan.

Aka ɗauko malami daga Nairobi, Mwalimu Simiyu, ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai takardu daga ƙasashe biyu. Ranar farko ya ɗaga sandar Kiragu da yatsu biyu, ya karanta lambar, ya murza zaren, ya sake karanta lambar, sannan ya dubi tsohon da kowa ke kira Mzee, wato dattijo.

“Mzee, wa ya haɗa maka wannan?”

“Allah da kwandon shara.”

“Huɗu da bakwai! Ai wannan zalunci ne. Shekara nawa kana azabtar da sandar nan?”

“Ba ta taɓa kai ƙarata ba, Mwalimu.”

Simiyu ya ajiye ta gefe ya miƙo masa sabuwa fil, biyar da biyar, wadda kulob ya saya don jarrabawa. An ɗaura ɗan ulu ja a maimakon ƙuda, an ajiye tsohuwar tayar keke can nesa a kan ciyawa, wai nan kifi yake. Kiragu ya gyara tsayuwa, ya jawo zare, ya kai sanda saitin kunne, ya sara. Zaren ya silalo ta kan ciyawa ya taru a ƙafarsa kamar dafaffiyar taliya. Ciyawa ba ta riƙe zare, jifansa kuwa in ba abin da ya riƙe zare, babu shi. Ya sake, haka. Ya kuma, haka. Sauran shidan, waɗanda shi ya nuna musu inda kifi ke kwanciya, suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

“Mwalimu, a kai ni inda ruwa yake.”

“Jarrabawar ba ta da ruwa, Mzee.”

“Kifin fa?”

“Kifi ba ya cikin matakin farko. Duba nan. Ka cilla baya, ka jira zare ya miƙe, ka cillo gaba. Shi ke nan.”

Simiyu ya yi, zare ya tafi santal, ulu ya faɗa tsakiyar taya. Abin da kyau, ba ƙarya.

Simiyu ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba ne. Da la'asar ya bi Kiragu kogi don ya ga abin da tsohon ke taƙama da shi. Ya tsaya a ruwa har gwiwa, ya ga guntuwar sanda ta aika ƙuda ta ƙarƙashin wani reshe da bai fi kamu ɗaya daga ruwa ba, ya ga kifi ya taso ya cafke. Sannan ya juyo wajen tsohon.

“Mzee, abin nan da kake yi a mataki na uku ake koyar da shi. Har sa zare mai nauyi a wuri matsattse, akwai babi guda a kansa. Ni kaina sau biyu ina faɗuwa a nan.”

“To madalla. Ba ni takardar na ukun kowa ya huta.”

“Ba a tsallake. Sai ka ci na ɗaya.”

“Wato sai na iya wanda ba ya kama kifi kafin a yarda na iya wanda ke kamawa.”

“Ba ni na rubuta tsarin ba, Mzee.”

“Na sani, ɗana. Wanda ya rubuta bai taɓa jiƙa wandonsa ba.”

Baki ne kawai. A ciki tsoro ya kama Kiragu, tsoron da bai taɓa ji ba ko ranar da ambaliya ta tafi da shi har gada. Ba yunwa yake gudu ba. Yana da 'yar gonar shayinsa, yana da saniya, 'yarsa Wangechi ma'aikaciyar jinya ce a Nyeri, ba za ta bari tukunya ta bushe ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ya wayi gari yana jin ƙarar Gathiru daga ƙofar gidansa, a ce ba shi da ikon sa ƙafa a ciki. Sai ya ari sabuwar sandar ya tafi da ita gida.

A duk gangaren nan ba wuri mai shimfiɗa sai ɗan filin da ke tsakanin garken saniya da igiyar shanya. Nan tsoho ɗan shekara sittin da huɗu ya koma ɗan koyo. Ya cilla baya, zare ya yi ƙara kamar bulala, ulu ya tsinke. Ya sake, zare ya naɗe masa wuya. Ya sake, ya naɗe ƙahon saniya. Masu wucewa da kwandunan shayi a baya suka samu kallo kyauta, wani ya ɗaga murya ya ce, “Mzee, in ka kama da yawa a ajiye mini biyu!” Waithira kuwa tana zaune a ƙofar kicin tana tsince wake da masarar githeri, dafa-dukan ƙasarsu.

“Baban Wangechi, wai saniyar kake nema ko rigunana? Faɗa mini in kawar da ɗayan.”

“Maman Wangechi, bar ni in ji da abin da ke damuna.”

“In ka kama ta dai ka tuna dokar kulob. Hoto kawai, ka sake ta, da safe zan tatsa.”

Sati guda aka yi a haka, ba ci gaba. Ran nan ta ga ya zauna a kan kututture ya zuba wa sandar ido, abinci na gabansa ya huce. Ta san mijinta, in ya daina mayar da magana to abin ya kai. Ta kakkaɓe zani ta taso.

“Ni ban san komai a haukan nan naku ba, amma ina da ido. Ba ka jira. Zaren bai gama miƙewa a bayanka ba kake fizgo shi, sai ka ce wanda kare ya biyo.”

“Ta yaya zan jira abin da ba na gani? Tun da na fara aikin nan ba abin da ke bayana sai ƙaya.”

“To yau ni ce a bayanka. Kada ka motsa hannu sai ka ji muryata.”

“Ai duk ɗaya ne,” in ji shi ƙasa-ƙasa.

“Me ka ce?”

“Cewa na yi na gode.”

Ta tsaya can gefen garke. Ya cilla baya, hannunsa na ƙaiƙayin fizgowa, ya daure. Sai ya ji ta ce, “Yanzu!” Ya cillo. Zaren ya wuce tankin ruwa ya sauka a miƙe, ba ƙara ba ƙulli. Su biyun suka tsaya suna kallonsa. Daga ranar, kullum ta dawo daga rumfar awon shayi sai ta ajiye kwando ta tsaya a bayansa, tana faɗin yanzu, tana haɗawa da baƙar magana. Sati uku cur suka yi. Kiragu bai faɗa mata ba, amma rabon da ya ji daɗin zama da ita haka tun kafin a haifi Wangechi.

Ranar jarrabawa Asabar ce da hantsi. 'Yan kulob suka jeru a baranda da kofunan shayi, sun zo kallon yadda za a wayar da kan ƙauyawa. Mai gadi ya ce ba a shiga da iyali. Waithira ba ta yi gardama ba. Ta zaga bayan shinge, ta shiga gonar shayin wani da kwando a baya, ta kama tsinkar ganyen da ba nata ba. Da aka kira Kiragu ya cilla zare baya, sai aka ji wata mata ta daka wa akuya tsawa: “Kai!” Ya cillo, ulu ya faɗa taya. Ya sake cillawa, akuyar ta sake yin ɓarna daidai lokacin da ya kamata.

“Wace mata ce ke damun mutane da ihu?” in ji Daktari.

Simiyu ya leƙa bayan shinge, bai ga ko jelar akuya ba. Ya dubi tsohon, ya dubi takardarsa. “Akuya take kora, Daktari.”

Jifa goma, tara a cikin taya. Ba wanda ya kamo shi. Kiragu ya sauke sanda, ya ji kamar an ɗauke masa buhun masara daga kai. A ransa har ya fara tunanin wane rami zai kai baƙonsa na gobe.

Daktari Gacheru ya miƙe ya gyara hularsa mai gashin tsuntsu, ya ce yau ranar tarihi ce. Ga mutum ya yi shekara arba'in da biyar cikin duhu, da karyayyar sanda da zaren da bai dace ba, cikin sati huɗu ilimi ya mayar da shi gwani. In Mzee Kiragu zai iya, ba wanda zai kasa. Aka tafa. Ya ce saboda haka kwamiti ya yanke shawarar ƙara masa girma. Daga yau shi ne babban malamin jifa na kulob, duk sabon shiga zai fara ta hannunsa, a nan kan ciyawa. An tanadar masa farar riga mai tambarin kulob da kujera a inuwa. Hawa da gangara da shiga ruwan sanyi kuwa ya ƙare, masu sauran jini a jika za su riƙe kogi, don kulob ba zai yarda a ce dattijonsa ya zame a kan dutse ba. Aka sake tafawa, wannan karon har da tashi tsaye.

Kiragu ya matsa kusa da shi. “Daktari, ni fa kogin...”

“Kada ka gode mini, Mzee. Haƙƙinka ne.”

“Ba godiya ba ce. Cewa nake ko da rana ɗaya a sati...”

“Ka ji mutanen da! A ba su hutu su ce aiki suke so.” Ya dafa kafaɗarsa ya juya shi wajen mai hoto. “Ɗaga takardar sama, Mzee. Yi murmushi.”

A hanyar gida yana gaba tana baya, takardar na cikin leda a hammatarsa, farar rigar a kafaɗa. Suna wuce rumfar awon shayi Waithira ta matso kusa da shi. Baƙin ciki ne ya tokare ta, da jin cewa da muryarta aka yi wannan aiki.

“Da na sani da na bar ka ka faɗi,” ta ce.

“Da na faɗi ma kogin za su hana ni.”

Ta auna maganar, ta ga haka ne. “To me muka yi sati uku muna yi a gaban saniya?”

Shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan.

Asabar ta gaba ya sa farar rigar. Ta yi masa yawa a wuya. Sababbin shiga su biyar suka jeru a kan ciyawa, kowa da sanda da zare masu lamba ɗaya, kowa da tayarsa. Da safen ya ga abokan aikinsa sun bi gangare da baƙi, ya juya musu baya don kada su ga fuskarsa. Ya bi layi yana gyara wa wannan gwiwar hannu, yana ce wa wancan ya jira. Na ƙarshe wani ma'aikacin banki ne mai fara'a, wanda jiya-jiya ya sayi kayansa, ko takardar farashi bai cire daga hula ba. Ya ga yadda tsohon ya ɗauki sanda ya jefa ulu tsakiyar taya, abin ya burge shi ƙwarai.

“Kai, Mzee, hannunka da kyau! Amma tsakani da Allah, ka taɓa kama kifi kuwa, ko koyarwar kawai ka iya?”

Kiragu ya dube shi ya buɗe baki. Ya ga ba wanda ya rage a filin da zai ba da shaida, ya ga kuma ko ya faɗa labarin tsofaffi za a ɗauka. Sai ya miƙa masa sandar ya ce ya gyara tsayuwarsa, ƙafar hagu ce a gaba.